Awon Ido

Aikina rijiya ne. Ina haƙa sabuwa, ina yashe tsohuwa idan rairayi ya cike ta. Daga ƙauyukan Maijirgi har ƙasar Mayahi, inda ruwa yake da nisa, na taka ƙasan rijiyoyi da yawa. Ni ke sauka, taubashina ke riƙe igiya. Ɗan gwaggona ne, tare muka tashi. Shi mai surutu ne, ni ba ni da shi. Haka muka yi aiki shekara da shekaru.

Idona ya fara lalacewa kafin babbar yunwa, kuma abin ya zo a karkace. A ƙasan rijiya ina gani sarai. Ina ganin tsagar bango tun tana siririya, ina ganin inda ƙasa ta canza launi. Har ɗan kunnen wata mata na taɓa tsintowa cikin laka. Amma idan ana jawo ni sama, da na kusa baki sai komai ya yi fari fat, kamar an watsa mini gari a fuska. Mutum yana tsaye gabana, ina jin numfashinsa, ba na ganin fuskarsa. Sai na kare goshi da tafin hannu, na sunkuyar da kai, sannan ƙafafun mutane su fito.

Kowa ya san dundumi: rana ta faɗi, mutum ya daina gani. Nawa akasinsa ne, ba wanda ya san sunansa. Wasu suka ce mutanen rijiya ne suka shafe ni. Wasu suka ce wayo ne, ina gudun aikin gona. Aka ce in ci hanta, maganin dundumi. Lokacin dabbobi suna faɗuwa, Buzaye da Fulani suna yankawa kafin su mutu, hanta ba ta da wuya. Na ci har na gaji. Ba abin da ya canza.

Taubashina ya ce ni mujiya ce aka sa wa wando. Idan ya jawo ni sama ba ya kwance igiyar daga ƙuguna, da ita yake jan ni zuwa inuwa, yana cewa mata su ba da hanya ga akuyarsa. Mata suna dariya. Ni dai ina isa inuwa.

Sai damina ta zo ta wuce ba ta bar komai ba. Hatsi ya kai gwiwa ya bushe a tsaye. Sojoji ke mulki. Aka ce duk wanda ya ɓoye hatsi za a fasa rumbunsa, a tafi da shi da hatsin. Wataƙila manyan 'yan kasuwa ake nufi. A ƙauye ba wanda ya tsaya tambayar wa ake nufi. Idan mai kaki ya tambaye ka wani abu, amsa ɗaya ce: ban gani ba. Yara ma sun iya ta.

Wata rana bayan la'asar maigari ya kira ni da taubashina. Ya riga ya bi magidanta, kowa ya kawo ɗan irin da ya rage masa, an tara a ɗakinsa.

Ya ce, "Ba soja kaɗai nake tsoro ba. Cikinmu nake tsoro. Idan rani ya yi nisa, ni da kaina zan daka irin nan in sha. Ina son a kai shi inda hannu ba ya kaiwa."

Akwai wata tsohuwar rijiya yamma da gari, ta ƙafe tun wata yunwa da aka yi shekarun baya. Muka ce wa mutane za mu gwada tayar da ita. Na sauka, na haƙa kogo a jikin bango, can ƙasa inda ƙasar take da tauri. Aka zuba irin a tuluna, aka haɗa da toka saboda ƙwari, aka liƙe bakinsu da yumɓu. Da rana muka kai su. Ba mai sake duban tulu a bakin rijiya. Taubashina yana saukowa da su, ina jerawa. Na rufe kogon da laka. Bayan kwanaki muka ce rijiyar ta ƙi. Magidanta sun san maigari ya ɗauke iri, ba su san inda ya kai ba. Mu uku muka sani, kuma ni kaɗai na ga wurin da idona.

Rani ya yi nisa. Mun ci dusa, mun ci ganyen da da can awaki muke ba. Samari suka tafi kudu. Gari ya yi shiru.

Ranar wata kasuwar Maijirgi mai shela ya ce gwamnati ta kawo baƙi Tasawa, za a yi awon ido, kyauta ne. A shekarar nan awo abu ɗaya yake nufi: a tsoma tiya cikin hatsi a juye maka. Waɗanda ke nesa da mai shela kalma biyu suka ji, awo da kyauta. Washegari hanya ta cika da mutane, kowa da buhu ko ƙwarya. Suka je, suka dawo da buhunansu a naɗe.

Su suka kawo labarin akwatin. Suka ce a gidan likita akwai wani akwati mai rami. Ka sa ido, wuta ta kama a ciki, Bature ya rubuta. Soja yana ƙofa. Wani ya ce wani mutumin Baudeta ya leƙa, ba a daɗe ba jandarma masu kaki suka je rumbunsa. Ba wanda ya san mutumin, amma kowa ya ji. Daga nan zancen ya zauna: awon ido ai awon hatsi ne, ana auna abin da idon mutum ya gani. Baki yana iya musu. Ido kuwa, aka ce, abin da ya gani yana nan kwance a cikinsa.

Amma kuma wata tsohuwa ta garinmu, wadda yanar ido ta rufe wa gani tun tuni, jikarta ta kai ta. Aka yi mata aiki. Ta dawo da tabarau mai kauri, ta tsaya a tsakar gida tana faɗa, wai wa ya bar dangarta ta zube haka. To, zance biyu ke nan, kuma kowanne da masu rantsuwa a kansa.

A kwanakin nan muka binne ƙaramar ɗiyarmu. Da hantsi ne, maƙabartarmu ba ta da itace ko ɗaya. Ban ga ramin ba. Ni da aikina haƙa rami. Taubashina ya kama hannuna ya kai shi inda zan zuba ƙasa. Ranar bai yi ba'a ba. Da muka dawo matata ta ce, "Maigida, ka je Tasawa." Ba ta cika ce mini in yi abu ba.

Sai kuma saƙo ya zo daga sufurefe, wakilin gwamnati a Tasawa, cewa kowane maigari ya tura masu ciwon ido na garinsa. Maigari ya same ni a inuwar rumbuna, wanda ba komai a cikinsa. Ya zauna a ƙasa.

Ya ce, "Idan ban tura ka ba za a ce me ya sa. Kowa ya san idonka."

"Ranka ya daɗe."

"Ka yarda da zancen akwatin nan?"

"Ban sani ba."

"Ni ma ban sani ba." Ya daɗe yana zana ƙasa da tsinke. "Irin gari duka ne."

"Na sani. Ni na jera shi."

"Ido naka ne. Ni ban ce ka yi kaza ba."

Bai ce ba ɗin.

Muka tafi da amalanken taubashina. Jakin ya rame, mu ma muna sauka mu taka idan rairayi ya yi yawa. Rana tana bayanmu, don haka ina ɗan ganin hanya. Gefen hanya ƙasusuwan shanu ne.

Taubashina ya ce, "Bawana, ni Baturen nake tausayi. Idan akwatin nan yana karanta ido, me zai tarar a naka? Ramukan hancina daga ƙasa, shekara da shekaru. Suma zai yi."

Na ce, "Ja jaki."

"Ga shi nan ina ja, guda biyu ma."

A gidan likita mutane sun yi layi a rana, kowa da mai jansa. Sojan da ake faɗa yana zaune a benci bakin ƙofa da sanda a cinya. Shi ma a rame yake. Aikinsa ya hana turereniya. Na sunkuyar da kai na wuce.

Ɗakin farko an rufe tagoginsa, duhu-duhu, sanyi kamar ƙasan rijiya. Idona ya buɗe. Anfirmiye ne a ciki, wato mai taimakon lokotoro, babban likita, wani dattijo ɗan ƙasarmu, muryarsa ta dushe. Ya ja da baya ya ɗaga yatsu. Na faɗa. Ya ƙara ja da baya, ya canza. Na faɗa. Ya kai bango, na faɗa.

Ya ce, "Malam, kai me ya kawo ka? Idonka ya fi nawa. Tashi ka ba makafi wuri."

Taubashina ya leƙo ya ce, "Likita, fitar da shi rana ka gani. Ko raƙumi ka tsayar masa, sai ya tambaye shi ina gajiya."

Anfirmiye ya ja ni bakin ƙofa, ya juya fuskata wajen haske. Ya ce nawa ne. Na ce me. Ya ce yatsu. Ban ga hannun ba ma. Ya ce, "A'a." Ya shiga wani ɗaki, na ji yana Faransanci. Wata murya ta amsa masa da sauri. Ban ji abin da aka ce ba, amma mai muryar ya ji daɗi.

Shi ne lokotoro, Bature. Akwatin yana kan tebur gabansa, bai kai akwatin lefe ba, waya ta fita daga bayansa ta bi ta taga zuwa injin wuta. Aka zaunar da ni.

Anfirmiye ya tambayi aikina, na ce rijiya. Ya ce, "To za ka gane. Ruwa idan ya kwanta, kana ganin ƙasan guga. Idan ya gurɓace ka haska shi, hasken ba ya wucewa, sai ya bazu, ruwan duka ya yi fari. Cikin ido akwai wani ɗan abu garai-garai da haske ke bi. Naka ya fara gurɓacewa. A inuwa kana lallaɓawa. Rana ta buga, haske ya watse a ciki ya rufe komai. Haka ne?"

Na ce haka ne. Ba wanda ya taɓa faɗin ciwona daidai sai shi.

Ya ce, "Irinku aka kawo wa akwatin nan. Ku kuna ƙirga yatsu, sai a kore ku, alhali a waje makafi ne ku. Shi yana auna yawan hasken da ke watsewa a idon. Idan ya nuna da yawa, lokotoro zai sa ka cikin waɗanda za a yi wa aiki. Ga yadda yake. Za ka ga zobe na haske yana ƙyaftawa. Tsakiyarsa baƙa ce, amma kai za ka ga kamar ita ma tana ƙyaftawa, saboda hasken da ya watse ya faɗa kanta. Lokotoro zai riƙa murɗa wannan a hankali. Inda tsakiyar ta tsaya cik, ka ce ta tsaya. Shi ke nan aikinka. Akwatin ba ya iya komai sai ka faɗa."

Na ji zancen ya shige ni. A lokacin niyyata in faɗi abin da na gani.

Aka rufe mini idon hagu da ƙyalle. Na kai na dama bakin ramin.

Duhu ne dogo. Can ƙarshensa, nesa, zoben haske, tsakiyarsa wani abu baƙi kamar kan mutum ya leƙo. Na san wannan. Abin da nake gani ke nan kullum idan na ɗaga kai daga ƙasan rijiya: baki ya yi zobe, kan taubashina a tsakiya. Kuma ba kowace rijiya ba. Ƙunci ɗaya, nisa ɗaya da waccan ta yamma da gari. Har na ji kamar idan na miƙa hannun dama zan taɓa lakar da na rufe kogon da ita.

Zoben ya fara ƙyaftawa. Na ji alƙalamin lokotoro yana tafiya a takarda. A ƙofa sojan ya yi tari.

Anfirmiye ya ce, "Me kake gani?"

Na ce, "Ban ga komai ba."

"Zoben fa?"

"Ban gani ba."

"Buɗe idon da kyau. Matso."

Na matso. Lokotoro yana murɗawa. Tsakiyar tana rawa, tana rawa, tana raguwa. Can wajen ƙarshen murɗin ta tsaya cik, kamar yadda aka ce. Na gan ta. Na yi shiru har ta sake motsi.

Aka koma idon hagu. Shi ma haka.

Anfirmiye ya ce, "Malam, yanzun nan ka ƙirga mini yatsu daga bango."

"Canka na yi."

"Duka?"

"Allah ya ba ni sa'a."

Ya yi tsaki, ba na fushi ba, na gajiya. Ya sunkuyo kusa da kunnena ya rage murya. "Kai ma zancen hatsin nan ne? Tun da muka zo muke fama. Akwatin nan bai san hatsi ba. Wallahi bai san komai ba sai haske. Ni ɗan nan ne, ba zan cuce ka ba. Sa idonka ka faɗi gaskiya, gobe a yi maka aiki."

Na yarda da muryarsa. Amma ko da akwatin yana karantawa, mai aiki da shi haka zai ce. Kuma wataƙila shi ma ba a gaya masa ba.

Na ce, "Ban ga komai ba."

Ya juya ya yi wa lokotoro bayani. Lokotoro ya taso da wata 'yar fitila, ya buɗe idona da yatsa ya duba. Ya yi magana mai tsawo. Anfirmiye ya taƙaita mini. Ya ce yanar tana nan, can baya, ƙarama ce, a ido ba ta nuna ba. Ya ce kwanakinsu kaɗan ne, kayan aiki kaɗan, a waje akwai waɗanda ko tafin hannunsu ba su gani. Ba zai cire ɗaya daga cikinsu ya sa mai ƙirga yatsu ba, sai da awo. Awo kuma babu. Ban ga laifinsa ba. Ya ce in riƙa sa malfa mai faɗi, in dawo idan sun sake zagayowa.

Muka fito. Haske ya rufe ni tun daga ƙofa. Taubashina ya kama hannun rigata.

Da muka yi nisa da gari ya tambaye ni.

"Me ka gani a ciki?"

"Kai."

"Ni?"

"Kanka, a bakin rijiya."

Ya yi dariya kaɗan, ya daina. Ya ce, "Da ka faɗa, da sun gyara?"

"Haka ya ce."

Ya doki jakin, alhali jakin yana tafiya.

Maigari yana bakin gari lokacin da muka iso. Ya yi mana sannu da hanya. Na ce masa ban ga komai ba. Ya ce madalla, ya juya ya tafi masallaci. Matata ta dubi idona babu ƙyalle, babu tabarau. Ta ɗora ruwan ganye a wuta.

Jandarma ba su zo ba. Ko shiruna ne ya hana, ko akwatin da ma bai san komai ba, ba yadda za a raba. Daga baya masu lakwal na garinmu, wato 'yan boko, sun ce zancen banza ne, ba abin da ke karanta ido. Ina jin gaskiyarsu ce. Da ruwan farko ya sauka na shiga rijiyar na fito da tulunan. Ɗaya ya tsage, ƙwari sun cinye. Sauran aka raba. An shuka, wani ya fito.

Baƙin ba su dawo ba. Idan sun dawo, ban ji ba. Na sayi malfa. Na ci gaba da sauka rijiya, don a can ƙasa har yanzu ni mai ido ne. Soja ya tafi, wani soja ya zo, an sake yin fari. Farin da ke idona ya riƙa saukowa tare da ni, kowace shekara yana ƙara zurfi. Da farko sai na kusa baki yake tare ni. Daga baya tun daga tsakiya. Ban gaya wa kowa ba. Hannuna ya san aikin, ina lalube.

Rijiyar ƙarshe a wani ƙauye ne kusa da Atantane, yasa muka je yi. Na tara rairayi da laka a gefe, na ɗaga murya na ce a sauko da kwando. Shiru. Na sake kira. Na ce, "Kai, barci kake? Kwando!"

Muryar taubashina ta sauko a hankali. "Miƙa hannunka."

Na miƙa. Kwandon yana rataye gaban fuskata, bai kai kamu ɗaya ba. Ya ce tun kiran farko yake nan. Da gangan ya saukar da shi ba magana.

Na ce, "To sauke shi ƙasa, in cika."

Ya ce, "Ɗaura igiya a ƙugunka."

"Aikin bai ƙare ba."

"Ɗaura, ɗan kawu."

Bai taɓa kirana haka ba. Na ɗaura. Ya jawo ni. A sama na ji yana ce wa masu rijiyar su nemi wani, rabin aikin da aka yi ya bar musu. Suka ce lafiya? Ya ce lafiya lau, bayansa ne ke ciwo, ba ya iya jan igiya kuma. Suka yi masa sannu. Aka kawo mana fura muka sha, ya tattara dagi da kwando, muka kama hanyar gida.